Shi Ya Ce In Ɗauke Shi

Wajen ƙarfe bakwai na safe ne, ruwan da aka kwana ana yi bai daɗe da tsayawa ba, titi duk ya jiƙe yana ƙyalli. Dogo mai gyaran waya ya buɗe shagonsa ke nan yana goge tebur, sai ya hango abin da ya sa ya saki tsumman hannunsa.

Malam Birki ne a kan keke!

Duk layin ba wanda bai san Malam Birki ba. Shi ne mai makarantar koyon tuƙi da ke bayan gidan mai, rabin direbobin unguwar a hannunsa suka koya. Ihun "Birki! Birki!" da yake yi wa ɗalibai shi ya zame masa suna. To yau ga shi, da furfurarsa da tumbinsa, a kan wani tsohon keke, kan keken sai rawa yake, ƙafafun Malam na laluben feda suna kuskurewa.

Murna ta kama Dogo. Ya daɗe yana sa bidiyo a intanet, ba mai kallo sai ƙanwarsa, ita ma don kunya. Ya zaro waya, ya fito da gudu.

Keken ya yi dama, ya yi hagu, ya nufi kwata.

"Birki, Malam! Birki!" mai aski ya ƙwala daga ƙofar shagonsa.

Ina! Tayar gaba ta faɗa, Malam ya bi ta, ya zauna daɓas cikin ruwa, keken a kan cinyarsa. Ya ɗaga kai ya ga Dogo tsaye a kansa.

"Kai yaro, ɗauke ni! Ɗauke ni mana!"

"Ina kan ɗauka, Baba!" in ji Dogo, ya ƙara matso da wayar.

Mai aski da Anti mai shagon magani su suka ciro shi. Malam ya matse bakin rigarsa, ya dubi wayar.

"Wa ya ba ka izinin ɗaukar hotona?"

"Ku ne, Baba. Kuka ce in ɗauke ku. Ga shi nan a ciki da muryarku."

Ya kunna. Muryar Malam ta fito tar, mai aski ya riƙe ciki har yana dukan bango.

"Wallahi yaron nan ya ci shari'a!" in ji shi. "Kuma ma titi ai na kowa ne. Abin da ido ya gani, waya ma ta gani."

"Kai dai ka tsaya a kan almakashinka," in ji Anti. "Ɗauka daban, yaɗawa daban. Ka sa dattijo a duniya ana yi masa dariya, ka ga ko ba za a kai ka kotu ba."

"Wace kotu? Alƙalin ma sai ya ce a maimaita masa!"

Suka yi ta ja, wannan ya ce doka ta hana, wancan ya ce ba ta hana ba, kuma a cikinsu ba wanda ya taɓa ganin dokar da idonsa. Dogo kuwa hankalinsa ya yi nisa. Har ya rubuta sunan bidiyon: Malam Birki ya rasa birki. Yana ganin wayarsa na ƙara ba tsayawa, ana nuna shi a hanya. Saura ya danna.

Malam ya matso kusa da shi, ya sassauta murya.

"Ni ban san doka ba, ɗana. Amma in wannan ya fita, wa zai sake kawo mini ɗansa in koya masa mota?" Ya share ruwan gemunsa. "Jikata na saya wa keke. Ta ce ba mai koya mata sai Kaka, tunda Kaka ya koya wa duk gari. Ni kuwa daga ƙafa sai mota na hau, ban taɓa taka keke ba. Shi ne na aro wannan, na ce in fito kafin mutane su tashi."

Dogo ya tsaya. Ya sake kallon bidiyon tun daga farko, dariya ta kuɓuce masa, ya haɗiye. Wallahi bai taɓa ɗaukar abu mai kyau irin wannan ba. Ya juya wayar yadda Malam zai gani, ya goge, ya shiga inda gogaggun hotuna ke ɓuya ya goge can ma.

"Kash!" in ji mai aski. "Ko ni ba ka tura mini ba?"

Malam ya ja keken, sai ga sarƙa ta zame tana jan ƙasa. Dogo ya tsuguna ya mayar da ita, ya daidaita kan keken tsakanin gwiwoyinsa, sannan ya kama sirdi ta baya.

"Ku hau, Baba. Gaba za ku riƙa kallo, ba ƙafa ba."

Ya bi shi da gudu yana riƙe, suka wuce shagon magani, suka wuce gidan mai, sannan ya saki a hankali. Malam ya tafi shi kaɗai, rigarsa na ɗigar ruwa, yana yi wa wata akuya ihu ta ba shi hanya, ko waiwayowa bai yi ba.

Dogo ya goge baƙin man hannunsa a wando, ya koma shago.