Toka a Kwamin Kifin Baba

Shekara tara ina koyar da kimiyyar sinadarai, kuma duk shekara sai na zana kibiya biyu a allo, ɗaya ta yi gaba, ɗaya ta dawo baya. In ce wa ɗalibai akwai abubuwan da ke rikiɗewa su koma juna a cikin ruwa, suna zaune daidai wa daida, amma da an taɓa zafin ruwan ko tsaminsa sai gefe ɗaya ya rinjaya. Su kwafa, su ci jarrabawa, su manta. Ashe ni ma a allon nake barinsa.

Baba kuwa tun da ya ajiye tuƙin mota ya gina kwamin siminti a bayan gida ya zuba tarwaɗa. Su ne abokan hirarsa tun rasuwar Inna. Babbar cikinsu har suna ya sa mata, wai Manaja, don ba ta aikin komai sai ci.

Ran nan da azahar, rana kamar ta fasa kai, ya kira ni a waya.

"Malama," haka yake ce mini in yana tsokana, amma yau muryar ba ta wasa ba ce. "Kifayen nan sun ɗago kai suna haki. Na zuba musu toka bokiti biyu, abin sai gaba yake yi."

Nan take na gane. Ƙazantar kifi iri biyu take zama a ruwa, akwai wadda ba ta cutarwa, akwai amoniya mai ƙona musu wurin numfashi. Zafi yana tura ta wajen mai dafin, toka kuma ta kashe ɗan tsamin da ke riƙe da ita. Baba ya haɗa musu biyun.

Na bar ajina na hau babur. Na same shi durƙushe a bakin kwami, ya naɗe hannun riga. Na tsoma 'yar takardar gwaji da na ɗauko daga makaranta, ta fito shuɗiya, alamar ba sauran tsami a ruwan.

"Lokacin sanyi ma na zuba, ruwan ya washe, ba abin da ya same su," in ji shi.

"Lokacin ƙanana ne, Baba, ruwan kuma da sanyinsa. Toka da zafi ne suka mai da ƙazantarsu dafi. Sai mun sake ruwan yanzu."

Da wane ruwa? Famfo kwana uku ko ɗigo. Injin jan ruwa yana nan, wuta ce babu. Na kira mai tankar ruwa ya ce in Allah ya kai mu gobe, ya kashe wayarsa. Muka juye randa da jarkoki biyu, ko tsayin ruwan bai motsa ba. Na shimfiɗa tabarmi a kai don inuwa. Daga ƙarshe ni, mai takardar digiri, na durƙusa ina matsa lemon tsami a cikin kwami guda, Baba yana yanka mini. Na sake tsoma takarda. Tana nan shuɗiya, duk abin da na matsa tokar ta shanye. Haushi ya kama ni, na rasa wanda zan yi wa faɗa.

Kafin la'asar kifayen suka fara juyewa ciki sama, ɗaya bayan ɗaya. Baba yana tsamo su da hannu yana jerawa a kan buhu. Manaja ce ta fi daɗewa. Da ya ɗago ta sai ya riƙe ta a cinyarsa, ruwa yana jiƙa masa wando.

"Wannan abin da kika faɗa, kin san shi tun da?"

"Na sani, Baba."

"Ranar Asabar kin ga bokitin tokar nan a bakin kwami. Har kika matsar da shi kika zauna."

Na gani. Na kuma san abin da zai yi da ita. Na yi shiru ne don ba na son ya ce boko ya sa ina koya masa kiwo.

Ya shafa kan kifin da babban yatsansa.

"Da kin faɗa, da na yi miki faɗa," ya ce. "Amma da na ji."