Kifayen da Auta Ta Bari

Auta na cikin ba Baba magani aka kira ta daga jami'a. Shugaban sashe ne da kansa, tsohon ɗalibin Baban. Ya tambayi jikin Farfesa, sannan ya ce ɗakin da ake ajiye kifaye za a mayar da shi ofis, an kawo kwamfutoci babu wurin sa su.

"In akwai abin da kuke so, ki zo ki ɗauka. Wallahi ba a son raina ba ne."

Mama da ke jin su ta taɓe baki. "To, je ki kwaso yayyenki. Su ne dai 'ya'yan so."

Haka take kiran kifayen tun Auta na ƙarama. Baba ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana bin koguna, tun daga mafarinsu a kan duwatsu har inda suke zuba a teku, yana kama kifi yana jiƙawa a sinadari cikin kwalabe, don a san wane kifi ke zaune a wane ruwa. Ranar da aka haifi Auta yana bakin wani rafi. Ranar da ta gama makaranta ma haka. Yanzu ga shi a gida kullum, ɓarin jikinsa ya shanye, magana da ƙyar take fita.

Ɗakin yana ƙasan bene. Tana buɗe ƙofa warin sinadari ya sa ta hawaye. Kantoci har rufi, cike da kwalabe, wasu ruwan ya ƙafe kifin ya bushe kamar ganye. Kowace da 'yar takarda mai rubutun Baba, duk ya koɗe. Leburori na tsaye da baro suna jiran ta gama.

Motarta ƙarama ce, dole ta zaɓa. Ta ɗauki manya masu kyan gani: giwan ruwa, tsage mai haƙora a waje, wata tarwaɗa mai dogon gashin baki. A kantar ƙasa akwai 'yan kwalabe masu ɗauke da kifayen da ba su fi ɗan yatsa ba, toka-toka, duk kamarsu ɗaya. Ta ture su gefe don ta sami wurin tsayawa.

A gida ta jera kwalaben a tebur gaban Baba, tana haki, tana jiran ya yi murmushi. Ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Ƙananan fa?"

"Waɗanne ƙanana, Baba?"

"Na ƙasa."

Da ƙyar ya haɗa sauran maganar. Waɗannan da ta kawo, kowace kasuwa akwai su. Ƙananan kuwa a rafi ɗaya tak ya taɓa samunsu, can sama da inda ruwa ke faɗowa daga dutse. Masu haƙar ma'adinai sun cinye rafin tuntuni. Abin da ya rage na irinsu a duniya, shi ne na cikin kwalaben nan.

"Ai ba ka taɓa faɗa min ba."

"Ba ki taɓa tambaya ba."

"Yaushe na gan ka da zan tambaye ka?"

Mama ta tashi ta shige kicin.

Washegari da safe Auta ta koma. Ta tarar an kwashe kantocin, masu fenti sun fara aiki. A bayan ginin ga kwalabe an wanke an kife su a rana, ga kuma rami da aka rufe da sabuwar ƙasa, ƙudaje na yawo a kai. Shugaban sashe ya fito ya same ta a wurin.

"Ki gaya wa Farfesa ya kwantar da hankalinsa," in ji shi. "Mun yanke shawara sunansa za mu sa wa sabon ofishin."

Ba ta gaya wa Baba ba. Shi ma da ya ga ta shigo hannu wofi, bai tambaye ta komai ba. Ya dai ce wa Mama a fitar masa da kwalaben daga ɗaki, warin yana tayar masa da zuciya. Auta ta kwashe su ta kai gareji, ta jera kusa da tsofaffin tayoyi.