Jakin Yari Mai Tafiya da Baya

Duk wanda ya taɓa bin bayan motar katako a hanyar Kaura Namoda zuwa Shinkafi ya ga aikin Kamalu, ko da bai san shi ba. Shi ne mai zana zakunan nan masu ƙaton kai, da dawisu, da jirgin saman da ba ya zuwa ko'ina. Da wannan yake cin abinci. Amma abin da ya ɗauke masa hankali wani littafi ne, labari cikin zane zalla, babu rubutu ko kalma ɗaya, don yana so tsofaffin garinsu da ba su yi boko ba su ma su karanta.

Labarin wani manomi ne mai suna Yari, wanda 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu, ya koma cikin gari da zama. Kamalu ya sha wuya kafin ya samu Yarin nan. Ya je kasuwar Shinkafi ya raɓe kusa da masu awon gero, ya sato hular wani, ya ari hancin wani dillalin awaki, ya ɗauko gemun wani direba mutumin Katuru. Duk wannan wahalar don kada a gane mahaifinsa ne, Malam Sabo. Aikin banza! Ranar da ƙanwarsa Asiya ta leƙa takardun, ko zama ba ta yi ba ta ce, "Kai Yaya, mi yas sa ka liƙa ma Baba hancin wani?" Hanci kam ana canza shi, amma yadda mutum ke rataya fartanya a kafaɗa ya karkatar da kai, wannan ba ya ɓoyuwa.

Tun ranar Kamalu ya yi wa kansa alkawari cewa littafin ba zai je wurin masu bugawa a Gusau ba sai Baba ya gani ya yarda. In ya ƙi, shi ke nan, a ninke a ajiye. Tsoron ranar yake ji ƙwarai. Baba, mutumin da rumbunsa ke ciyar da maƙwabta a ƙauyensu na bayan Zurmi, yanzu a zauren gidan haya yake wuni yana kallon masu wucewa. Ta yaya za ka miƙa masa hoton gudunsa? Shafin ƙarshe ma Yari ne zaune a zaure, hannu babu komai. Kamalu ya tsani shafin nan, amma ya rasa abin da zai zana bayansa, kuma ba ya son ya zana ƙarya.

Wata Juma'a bayan an sauko masallaci ya yi ta maza. Ya ɗinke takardun da zare, ya durƙusa a gaban tabarma ya miƙa da hannu biyu.

"Baba, ga abin da nike ta hwama da shi. Ina son ka duba."

Malam Sabo ya goge hannu a riga ya karɓa. Karatun allo ya yi, littafi a wurinsa ta dama ake buɗe shi, don haka ya juya shi ya fara daga inda Kamalu ya ƙare. Asiya da ta kawo ruwa ta buɗe baki za ta gyara, Kamalu ya harare ta, ta haɗiye maganarta.

"Wanga zaune shi ke, kamar wani marar dangi," in ji tsohon. Ya ɗaga shafi, yatsansa na bin hotunan daga dama. "Yawwa, ya miƙe. Ga shi ya aza ma jaki kaya."

Sauke kayan Kamalu ya zana, amma ya bar shi ya ci gaba. Abin mamaki, a kowane hoto na hanya ya yi Yari yana waiwayen gida, to ga mai karatu ta dama sai ya zama gidan ya dosa. Jakin ne kaɗai ya ƙi ba da haɗin kai.

"Jakin ga da baya shi ka tahiya," Malam Sabo ya ce, ya matso da takardar kusa da ido. "Ka iya jaki, Kamalu. Haka su ke, in sun ƙoshi cikin gari ba su son komawa."

Ya yi dariya har da tari. Da ya iso shafin wuta sai dariyar ta ɗauke, ya daɗe yana kallon hayaƙin. Sannan tsohon ya lashi yatsa ya ɗaga, sai ga rumbu a tsaye da jinkarsa, ga awaki a turke, ga mata a bakin rijiya. A shafin da ya zame masa na ƙarshe gero ya fi mutum tsawo, Yari na tsakiyar gona.

Kamalu ya ji daɗi, ya kuma ji kunya, don yardar da aka samu bisa kuskure ba yarda ba ce. Ya sunkuyar da kai.

"Baba, ka gahwarce ni. Ta wancan gehen a ka hwarawa. Labarin gudunmu na."

"Ka ɗauka ban gane ba?" Malam Sabo bai ko ɗago ba. "Wancan gehen na riga na karance shi da ƙahwahuna, ga ƙaya ga ƙishirwa. Wanga na ban karanta ba tukuna."

Ya shafa geron da tafin hannu.

"Kai shi Gusau. Amma ka ce masu su yi mashi ƙohwa biyu, kowa shi shiga ta inda ya iya."

Hawaye suka cika idon Kamalu. Ashe ba shafi ne ya rage masa ba, bango na biyu ne, kuma har ya ga abin da zai zana a kai. Ya miƙa hannu zai karɓi littafin ya fara aiki, tsohon ya janye shi ya tura cikin aljihun babbar riga, yana laluben takalmansa da ƙafa.

"Dakata tukuna. Malam Idi da munka fito tare bai gani ba."