Hular Sabo

"Yawu ne fa kawai, Sabo," in ji Zulai, tana ajiye masa kofin kunu a bakin katifa. "Sun ce ba sai an huda ka ba. Auduga za a goga maka a cikin kumatu, shi ke nan."

Sabo ya juya fuskarsa bango. "Ko numfashina ba zan ba su ba."

Zulai ta yi tsaki. Bango ɗaya ne tsakanin ɗakinta da nasa a gidan hayarsu na bayan garejin Apo, kuma ta san shi tun shekarar da gwamnati ta taso daga Legas, lokacin yana yaron makaniki. Taurin kansa ya fi na tsohuwar ƙusa. Tun da ciwon ƙoda ya kwantar da shi, 'yan asibiti sun ɗebi jininsa kwalba bayan kwalba bai ce uffan ba. Amma ɗigo ɗaya saboda Lucy, wannan ya gagara.

Lucy 'yar Perpetual ce, mai sayar da abinci a bakin gareji a da, kafin ta koma Jabi. Kowa ya san wanda yake kwashe mata kwanuka a mota in ta tashi kasuwa. Da yarinya ta isa makaranta Sabo ya ce bai san zancen ba, sai Perpetual ta kai shi kotu a kan ci da karatun 'yar. Aka ce a yi gwajin DNA a gane ko 'yarsa ce, ya ƙi. Alƙali ya ce ba zai sa a danne baligi ba, amma ƙin ma magana ce, zai dube ta a zama na gaba. Ita Zulai ba ta bukatar alƙali, don wushiryar Sabo tana nan a bakin yarinyar.

Zaman bai zo ba. Ranar Alhamis da hantsi Sabo ya cika, kafin la'asar an kai shi makwancinsa.

Ƙanensa Manniru, wanda ya iso daga Katsina kwana ɗaya kafin rasuwar, ya same ta a tsakar gida idonsa jawur.

"Yaya Zulai, ba mu da mace a nan sai ke. A taimaka a wanke kayansa, za mu bayar sadaka ladan ya iske shi."

"Wannan ai haƙƙin maƙwabtaka ne."

"Har da hular da rigar filo. A sa ruwan zafi. Tarkacen taga kuma a ƙona, kada yara su taɓa, kin san ciwo."

Zulai ba ta iya aikin ganin ido ba. Ta jiƙa, ta cuɗa, ta ɗauraye. Hular da gumi ya baƙanta bakinta ta bi ta da buroshi har zaren ya fito fes. Aswakinsa, rezar aski da matajin gemu ta tattara ta zuba a murhu. Ta share ɗakin ta goge, tana yi tana nema masa gafara, mata 'yan zaman makoki suna sa mata albarka.

Washegari Perpetual ta shigo riƙe da hannun Lucy. Babu wanda ya sanar da ita, a tashar Jabi ta ji. Ta durƙusa ta yi gaisuwa, sannan ta ja Zulai gefe.

"Mama, don Allah. Lauya ya ce ko cap, ko wannan stick da yake wanke baki, ko gashi ɗaya ma ya isa a yi gwajin. Ni ba na son kayansa. Lucy kawai ya san babansa."

Zulai ta dubi igiyar shanya, ta dubi murhu.

Manniru yana zaune a tabarma da carbi. Perpetual ta matsa kusa da shi. "Oga, sun ce naka ma zai yi, tunda uwa ɗaya uba ɗaya."

"Baiwar Allah, abin da mai shi ya ƙi yana da rai, ni ne zan yi bayan ransa?" Ya nuna igiya da carbin. "Ga kayansa can, ɗauki wanda kike so. Ba mu hana ki komai ba."

A nan Zulai ta gane dalilin ruwan zafin. Ta ji ta tsani hannuwanta. Ko wankin ma Manniru bai iya yi da hannunsa ba, sai da ya ari nata.

Lucy ta saki hannun uwarta ta nufi bakin rariya, inda Zulai ta kifa hular a kan kwano don kada ta lanƙwashe. Ta tsuguna ta taɓa ta da ɗan yatsa.

"Mummy, bai bushe ba."