Sun Yafe Jinin, Saura Gudun

Malam Isyaku na Kafin Dafga bai taɓa kiran sunan ɗansa na fari ba. Kunyar ɗan fari ce irin ta mutanen da, ya gada, ya riƙe. Yaron sunansa Badaru, amma a bakin uban tun yana rarrafe "wancan" ne, da ya girma ya sami a-kori-kurar da yake jigilar gyaɗa zuwa kasuwar Rogo sai ya koma "Direba". Kowa a garin ya san yadda yake ji da shi, ba dai ya nuna ba.

Wata safiya cikin kaka, ana cirar gyaɗa, Malam Isyaku ya dawo daga gona ya ga motar a bayan rumbu, an lulluɓe ta da karan dawa, kayanta a kai, fitila ɗaya a fashe. Ya tarar da Badaru a ɗakin Kande, uwar yaron, zaune a ƙasa.

Da ƙyar maganar ta fito. A wata kwana kusa da Turawa wani tsoho a kan keke ya ɓullo daga hanyar gona. Badaru ya taka birki, kaya ya rinjaye shi, ya kaɗe tsohon. Ya hango faɗuwarsa ta madubi, bai tsaya ba. Ya ce abin da ake faɗa wa kowane direba a tasha ke nan, in ka buge mutum kada ka tsaya, jama'a za su ƙone ka har da motar. Haka ne, ana faɗin wannan. Sai dai masu faɗin suna ƙarasawa da cewa ka zarce ofishin 'yan sanda ka miƙa kanka, yaran yanzu kuwa rabin magana suke ɗauka.

Kafin la'asar labari ya iso: Malam Sulle na Turawa ya rasu, mota ta buge shi ta gudu. Malam Isyaku ya san shi, sun sha zama tabarma ɗaya a kasuwa.

Kande ta roƙa a tura yaron wurin 'yan uwanta a nesa. Malam Isyaku ya ce ba a gidansa za a yi haka ba. Maƙwabcinsa Lukumanu, mai aiki a wurin dagaci, ya ce a kai shi Karaye wurin 'yan sanda yanzu yanzu, tun rana ba ta faɗi ba. Wannan ma ya ƙi. Ya ce ba 'yan sanda ne suka rasa uba ba, jinin yana da masu shi, su za a fara fuskanta. Kuma ba a tayar wa mutane da irin wannan magana ƙasar kabari ba ta bushe ba, a bari sai sadakar uku. Lukumanu ya yi ta magiya, tsohon ya kafe. A ganinsa mutunci yake yi.

Ranar uku ya ɗauki liman da Lukumanu suka tafi Turawa. Bayan an shafa addu'a ya matsa gaban Malam Uwais, ƙanen mamacin, ya durƙusa da furfurarsa, ya faɗi komai bai rage ba. Malam Uwais ya ce kwana ne ya ƙare, sun yafe duniya da lahira, ba sa neman diyya. Malam Isyaku ya ji kamar an sauke masa dutse daga ƙirji. Ya ce a ransa ya ceto yaronsa.

Har ya sa takalmi aka ce ana kiransa a bakin soro. Halima Sadiya ce, babbar 'yar mamacin, tana tsaye bayan asabari. Ta gaishe shi da ladabi, ta gaya masa abin da ba a faɗa a waje ba. Mahaifinta bai mutu nan take ba. Ya ja jikinsa har inuwar wata ɗorawa, yana nan har rana ta take, sai wata mai tallan nono ta tsince shi yana neman ruwa. A hanyar asibitin Karaye ya cika.

"Baba, na bi bakin Baffa, na yafe," ta ce. "Amma in ka koma ka tambayar mini ɗanka, wa ya gani a wurin da ya ji tsoro? Kowa yana gona. Babu kowa a hanyar nan sai mahaifina."

Ya yi mata sallama ya tafi. Da ya koma gida bai iya yi wa yaron tambayar ba.

Abin da aka faɗa a taron sadaka ba ya ɓuya. Washegari 'yan sanda suka zo suka tafi da Badaru da motar. Malam Isyaku bai damu sosai ba, yana ta gaya wa Kande ta share hawaye, masu jini sun yafe, me kuma ya rage?

Ranar shari'a Malam Uwais ya zo kotu da ƙafarsa, ya maimaita yafiyarsu a gaban alƙali. Alƙalin ya ce ya ji, kuma zai sassauta a kan bugun saboda ita. Amma ya ce akwai laifi na biyu wanda ba na iyalin mamaci ba ne balle su yafe. Doka ta ɗora wa direba ya tsaya ya taimaki wanda ya buge, in kuwa yana tsoron ransa ya kai kansa ga hukuma ba tare da jinkiri ba. Ya dubi Badaru ya tambaye shi yaushe ya kai kansa.

Malam Isyaku ya miƙe ba a ba shi izini ba. "Ranka ya daɗe, ni na hana. Ni na ce a jira sadakar uku. In ɗauri ne ni za a ɗaure."

"Baba, zauna," in ji alƙalin, bai ɗaga murya ba. "Ba kai ke riƙe da sitiyari ba. Da ka kawo shi a ranar, da wata maganar muke yi yanzu."

Aka yanke wa Badaru ɗaurin shekara biyu babu zaɓin tara, aka karɓe lasinsa.

A waje, kafin a sa shi a motar gidan yari, Badaru ya waiwayo ya ce, "Baba, ka yafe mini." Tsohon ya buɗe baki zai ce "Direba", ya tuna yanzu ba direba ba ne. Ɗaya sunan kuma, ga jama'a tsaye, ya ƙi fita. Yana nan bakinsa a buɗe aka rufe ƙofa, motar ta tashi.

Lukumanu ya goya shi a babur. Tsohon ya ce ya bi da shi ta Turawa, da suka iso kwanar ya ce a sauke shi. Ya taka har gindin ɗorawar. Ya duba gabas, ya duba yamma, gonaki ne an cire gyaɗa, babu gida, babu rumfa, ko akuya babu. Lukumanu ya kashe babur ya juya baya.

Malam Isyaku ya zauna a ƙasa, ya cire hula ya ɗora a gwiwa.

"Badaru," ya ce. Ya jira kaɗan, ya sake kira da ƙarfi.