Zanen da Ya Fi Ƙarfin Ƙofa

Ni na fara gani. Kafin 'yan jarida, kafin masu tsayawa gaban zane suna gyaɗa kai kamar sun fahimta, kafin ma uwar da ta haife ta, ni na fara ganin abin da ke hannun Gawayi. Ban taɓa zama a aji ba, sunana ma da yatsa nake dangwala shi, amma ni ne mutumin da bene ya rufto wa aka haƙo shi yana tambayar ina hularsa. Sa'o'ina duk sun kwanta dama, ni ina nan, kuma idona bai taɓa yi mini ƙarya ba.

Ubanta magini ne, ni nake kwaɓa masa siminti. Da hannunmu muka gina gidansu. Ranar da filastar falo ta bushe na shiga ɗauko bokiti, sai na tarar da yarinya, kanta bai kai teburi ba, ta tsinci gawayi ta zana ubanta a bangon da ke kallon titi. Ga shi nan ya ware hannuwa, cokalin gini a dama, har da kunnensa na hagu da ya lanƙwashe. Magini ya shigo da farar ƙasa zai shafe bango, ya tsaya ya daɗe yana kallon kansa, sannan ya shafe ko'ina ya kewaye wurin. Daga ranar sunan Gawayi ya bi ta. Shi kuwa mutum ne da bai taɓa yarda an ɗauke shi hoto ba, don haka da ya rasu, wannan zanen kaɗai ya rage na fuskarsa. Inna, matarsa, ta rataya masa labule, kullum da safe ta ɗaga ta goge ƙurar gefe da tsumma. Ko waya ba ta bari a nuna masa, wai ba ya so.

Gawayi ta girma ta zama mai zane, da shi take ci da shi take sha. Falon nan ya zama wurin aikinta, domin da ta yi aure mijin ne ya dawo gidan don kada a bar Inna ita kaɗai. Tela ne, kekensa na baranda, tef ɗin awo a wuyansa daga safe har yamma. Gida ne da ba ka shan ruwa a kofi sai ka sunsuna, don sau da yawa kananzir ɗin wanke buroshi ne a ciki. Yaransu suna tafiya makaranta da shuɗi a kwala, malamai har sun gaji da magana. Ita kuwa tana zana allunan shaguna, da fuskokin shugabannin ofisoshi waɗanda kowa cikinsu yake so a rage masa tumbi a ƙara masa gashi. Tana yi tana murmushi, amma abin yana cin ta a rai.

Sai wata rana shugabar zauren baje kolin zane ta aiko mata cewa an ba ta bango guda, nata ita kaɗai, ta kawo abin da ranta yake so. Gawayi ta sayo falanki ɗaya na katako ta jingina a dogon bangon falo, ta fara zana titinsu da safe.

Nan gizo ya fara saƙa. Ta zana mai wankin mota, sai ta ga tiyonsa yana neman wurin miƙewa, ta sayo wani falankin ta haɗa da gam da ƙusa daga baya. Ta zana mai gyaran takalmi, inuwarsa ta faɗa waje, ta ƙara wani. Ta ƙara a sama don wayoyin lantarki da shanyar masu bene. Fenti kuwa ta zuba shi da kauri, da wuƙa take shafa shi, har mahaɗar falankan ta ɓace kamar da ma itace ɗaya ne. Kujerun falo suka koma tsakar gida. Cin abinci ya koma baranda. Tela in zai wuce sai ya tsuke ciki ya bi da gefe.

"Wannan titin naki ya kusa fin na waje tsawo," in ji shi.

"Baban yara, matsa, ka tare mini haske."

Haske shi ne kukanta na kullum. Taga ɗaya ce a falon, ƙarama, mai ƙarafa, sai ta riƙa bin rana da buroshi kamar mai bin bashin gaisuwa.

Ranar ɗauka babbar mota ta tsaya a ƙofar gida da hantsi. Direba ya shigo da masu dako, ya dubi zanen, ya dubi ƙofa, ya sake duban zanen.

"Ta ina ya shigo?"

Gawayi ma ta dubi ƙofar. Bai shigo ba. A ciki aka haife shi.

Aka gwada. Aka karkata shi, kansa ya daki silin. Aka ja shi wajen ƙofa, ƙofar kuwa lungu take faɗawa, siriri, ko katifa sai an naɗe take wucewa. Rufi kankare ne, da mutane a sama. Zanen ya cika tsawon ɗakin, ba ya juyawa, hanya ɗaya gare shi: a tura shi a tsaye ya fita ta bangon da ke kallon titi. Bangon nan kuwa gefe guda ginshiƙi ne da ke ɗauke da bene, ɗaya gefen bututun ruwa da wayoyin wuta. Tsakiya kaɗai za a iya tsagawa, kuma a tsakiyar labulen Inna yake.

Inna tana bakin ƙofa da tsummanta. Ta dubi surukinta sama da ƙasa.

"Kai kuma da igiyar awo a wuya kamar akuyar sayarwa, wata nawa kana wucewa ta nan?"

"Inna, ni mutane nake aunawa."

"To ga shi ka auna mu."

Gawayi ta kira shugabar zaure. Matar ta saurara, sannan ta ce gobe ake buɗewa, kuma ba za ta buɗe da bango tsirara ba. In motar ta dawo babu komai kafin la'asar, dole ta rataya aikin wani. Ba da faɗa ta faɗa ba, shi ya sa ma ya fi zafi.

Aka aika aka kira ni, don duk titin ba wanda ya san bangon nan kamar ni. Gawayi ta ce, "Kawu, za a iya yanke wurin Baba a ciro shi ɗungurungum?" Na ƙwanƙwasa filastar da ɗan yatsa, ta amsa kamar busasshen burodi. Na ce mata gaskiya: ana taɓa shi zai zube gari.

Gawayi ba ta ko kalli uwarta ba. Ta san abin da labulen nan yake a wurin tsohuwar, ta sha jin ta da safe tana ba bangon labarin wanda ya haihu da wanda ya tashi daga unguwa. Ta shiga baranda ta ɗauko allin da Tela yake zana yadi da shi, ta ce wa direba ya ba ta aron zarto.

"Gida uku zan raba shi. A can sai a jera."

"Fentin zai farfashe," in ji Tela a hankali. "Ke kika ce mini ko ƙusa ba ya so."

"Na sani. Riƙe mini nan."

Ta ja layin farko daga sama har ƙasa. Ya bi ta tsakiyar tiyon mai wankin mota, ya raba wata mata da jaririn da take miƙa wa hannu. Ta ɗora haƙoran zarto a bakin katako.

"Ajiye wannan abin."

Inna ce. Ta shigo falon, ta bi zanen daga wannan kai zuwa wancan, a hankali, kamar mai tafiya a titin da gaske. Tun da aka fara aikin ba ta taɓa tsayawa ta kalle shi ba, ita dai ƙorafinta warin fenti. Ta tsaya a inda aka zana gidansu, ga ta nan ita kanta a baranda tana shanya tsumma.

"Haka bayana ya tanƙware?"

"Na ma rage, Inna."

"Marar kunya." Ta juya wajen labule ta yaye shi gaba ɗaya. "Kin san sau nawa mutumin nan ya rushe mini bangon kicin? Ya gina, ya koma gefe ya kanne ido, ya ce ya karkace, ya sa guduma. Ina kuka yana cewa bango ai bulo ne, gobe a sake. Tambayi Kawunki."

Na ce haka aka yi, ni na kwashe ɓaraguzan.

"Yanzu a gabansa za ki sa zarto a aiki mai kyau saboda bulo? Da yana nan da tuni ya fasa, yana yi yana zagin wanda ya gina ƙofar, alhali shi ne."

"Inna, shi ke nan fa abin da muke da shi."

"Kin manta fuskarsa?"

"Ko ido rufe."

"To hannun da ya yi wancan ba ga shi a jikinki ba? Da can ma ba ki iya hanci ba." Ta miƙo mini hannu. "Ba ni gudumar."

Tela ya zaro waya yana kallon ta, yana jiran tsawa. Inna ta ɗaga kafaɗa.

"Ɗauka. Yau dai sai an yi masa hoto, in ya so ya tashi ya hana."

Ya ɗauka. Sannan tsohuwar nan ta kama guduma da hannu biyu, ta goge gefen zanen da tsumma kamar yadda ta saba, ta ce, "Matsa wa 'yarka ta wuce," ta kai duka. Bugun bai fi na mai ƙwanƙwasa ƙofa ba, amma filastar ta tsage. Ta miƙo mini gudumar ta fita tsakar gida, ba wanda ya bi ta.

Sauran aikin nawa ne. Masu dako, samari majiya ƙarfi, suka ce in kawo su karɓa, na ce su je su yi wasa. Na tsaga bangon nan daga sama har ƙasa, miƙe kamar an ja da zare, ban taɓa ginshiƙi ba, ban taɓa bututu ba. Tela ya lulluɓe zanen da duk yadin da ke shagonsa, har da na mutane. Da bulon ƙarshe ya faɗi, rana ta cika falon nan a karon farko tun da muka gina shi. Gawayi ta tsaya cikin ƙura, fuska jiƙe, tana kallon hasken yana kwanciya a ƙasa.

Kafin nan titi ya cika. Aka turo zanen ta tsagar, yana fitowa yadi yana zamewa, mutane suna ganin kansu ɗaya bayan ɗaya. Mai wankin mota ya yar da tiyo ya zo ya sa kafaɗa. Mai gyaran takalmi ya ce a yi hankali da inuwarsa. Mai kanti yana rantsuwa shi bai kai haka ƙiba ba, matarsa tana cewa an ma yi masa sutura. Gawayi tana gaba tana ja da baya, tana cewa a ɗaga nan, a sauke can, muryar da take tsawata wa yara da ita. Titi ya ɗauki titi ya ɗora a mota, ko ƙwarzane babu, sai layin alli guda da ta goge da gefen mayafinta. Motar ta tashi rana ba ta ko karkata ba.

Washegari muka je zauren, har da Inna. Bangon da aka ba Gawayi ya yi wa zanen daidai kamar Tela ne ya auna, ko da yake mun san ba shi ba ne. Mutane suka yi cincirindo, masu manyan takalma suna tambayar wace ce, ina ta yi karatu. Ina nan a zanen, kusa da tsakiya, kan benci, kuma duk wanda ya tsaya a wurin sai ya daɗe. Shugabar zaure ta riƙe hannun Gawayi ta ce baɗi ma bangon nata ne. Tun daga lokacin Gawayi ba ta sake rage wa kowa tumbi ba.

Tsagar ba a toshe ta ba. Gawayi ta sa aka faɗaɗa ta aka sa ƙofar gilashi mai tsawo har silin, yanzu haske har ya yi mata yawa tana sa labule. A sabuwar filastar gefe ta ɗauki gawayi ta sake zana ubanta, Inna na zaune a bayanta tana gyara mata: gira ta fi haka kauri, bakin bai cika dariya haka ba. Da aka gama Inna ta ce hancin dai an samu ci gaba.

Amma kunnen nan na hagu, na farkon ya fi. Na san haka domin yana wurina. Da ina fasa bangon, ɓallin filasta guda ya faɗo a tafin hannuna bai fashe ba, kunnen Magini ne cif, da lanƙwasarsa. Duk wanda yake ganin tsufa ne ke sa ni zuba, ya zo ɗakina, yana nan cikin gwangwani a ƙarƙashin gado. Ya ɗauka mu je gidan tare ya kara da sabon, a gaban Inna, in ya isa ya ce mata ba na mijinta ba ne.