Mai Juya Taya

Yayana ya ce ya 'yantar da injin motar Baba daga bautar titi. Haka ya faɗa, bakinsa cike da burodi. Wai injin dizal ne marar nauyi, an zalunce shi da aka sa shi jan mota, asalinsa na sama ne.

Ya ciro shi ya ɗaura a hancin wani jirgin sama da ya haɗa da bututun ƙarfe a garejinmu, ya sassaƙa masa farfela da katako. Tun daga ranar ya hana a kira shi Yaya, sai Kyaftin. Gangar motar kuma tana gefe, baki buɗe.

Da motar nan nake kai Mama asibiti gashin ƙafa. Yanzu sai in riƙo ta mu taka har bakin titi, mu tsaya a rana muna ɗaga wa tasi hannu. Ta daina mita ma, ni ma haka. Baba ne dai ya gaji ya yanke hukunci: ranar Asabar injin ya yi cikakken gudu shi kaɗai a jikin jirgin, ko kuma ya koma inda ya fito.

Matsalar ita ce injin bai san an 'yantar da shi ba. Ƙwaƙwalwarsa ta mota ce. Ya ƙi tashi sai da makullinsa, aka kai masa makulli. Makullin ya ce sai da wuyan sitiyari, aka kwanto aka kai. Da ya tashi, ana taka totur sai ya yi gurnani ya tsaya a rabi, don a saninsa motar a tsaye take, tunda taya ba ta juyawa. Ni na gano masa wannan a wayata, kuma har gobe ina da-na-sani.

"Ƙaramin abu ne, Auta," in ji shi. "Kimiyya ce, ba za ki gane ba."

Kimiyyar ita ce ya ɗage tayar motar ta gaba da jak, ya jawo waya daga can zuwa jirgin, ya rataya tamfol a tsakani. Ni zan tsuguna a baya in riƙa juya tayar da hannu, injin ya zaci ana tafiya.

"Na ranar Asabar ne kawai. Daga baya zan gyara."

"Me zan samu?"

"Sunanki zai shiga tarihi."

"A bayan tamfol?"

Asabar ta zo. Ya sa farar riga mai igiya a kafaɗa, ya gayyato maƙwabta da Kawu. Aka ajiye wa Mama kujera a bakin ƙofa, ta miƙe ƙafar a kan bokiti. Ya yi jawabi a kan iska da nauyi har Kawu ya fara gyangyaɗi, sannan Kyaftin ya hau jirgin ya murɗa makulli.

Na fara juyi. Injin ya ɗauka, farfela ta yi ta kwasar ƙura tana watsa wa baƙi, ana ta tafi. Ina jin shi yana ihu, "Kun gani? Shi kaɗai! Babu mota, babu titi!"

Kafaɗata ta fara zafi. Ta ƙasan tamfol ina hango ƙafar Mama a kan bokitin, ta kumbura kamar jiya. Jibi muna da asibiti. Na duba tafin hannuna, baƙi ƙirin. Sai kawai na zauna a ƙasa.

Tayar ta yi ta rage gudu har ta tsaya. Injin ya sauke murya, ya koma gurnaninsa na rabi.

"Iska ce ta canja!" in ji Kyaftin, yana ta danna totur. "Auta! Wato... ku ba shi minti ɗaya!"

Baba ya tashi ya bi wayar da ido, daga hancin jirgi har ƙasan tamfol, ya ɗaga. Ga ni zaune, ga mota a kan jak.

"Me kike yi a nan?"

"Ni ce titin, Baba."

Mama ta leƙo daga kujerarta, ta dubi wayar, wadda ko ƙofar gareji ba ta kai ba.

"To Kyaftin," ta ce, "in ka tashi sama, ita za ta riƙa bin ka da tayar, ko motar za ka ɗauka ku tafi tare?"

Baba ya miƙa masa hannu ya ce ya ba shi makullin.